Ba jikinki ne ya saba da maganin ba



Akwai wata magana da kusan kullum sai na ji ta a kantin maganin da nake aiki a nan Agege, cikin Legas. Bahaushe ya faɗe ta da Hausa, Bayarabe ya faɗe ta da Yarabanci, wani ya faɗe ta da broka, amma ma'anar ɗaya ce: "Jikina ya saba da wannan maganin, ba ya yi mini aiki, a ba ni wanda ya fi shi ƙarfi." Mata suka fi faɗa mini, wataƙila don sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace, shi ya sa na yi taken rubutun nan da su. Amma maza ma suna faɗa, har sun fi mata kafewa a kai.

In ana batun maganin barci ko irin su tiramol, maganar tana da gaskiya, domin jiki yakan saba da su har ya riƙa neman ƙari. To amma a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta da muke kira antibayotik, irin su Amoxil, Ampiclox, Septrin, Flagyl da kafso ɗin nan ja da yalo, jikin mutum ba ya sabawa da su. Ƙwayar cutar ce take sabawa, ta daina jin magani. Wani zai ce ai duk ɗaya ne, makafi sun yi dare, tunda dai maganin bai yi aiki ba. Ni a ganina, duk wayar da kan da ake ta yi a kan wannan matsala, a kan wannan ɗan bambancin yake tsayawa ko ya faɗi.

Kuma ba mu kaɗai ne muke wannan fahimta ba. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa mutum kusan 10,000 tambayoyi a ƙasashe 12, har da Najeriya. Kashi 76 cikin 100 suka ce jikin mutum ne yake bijire wa maganin. Kashi 64 suka ce antibayotik yana maganin mura. Kusan mutum ɗaya cikin uku ya ce da zarar ya ji sauƙi zai daina sha. Wato mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba, duk tunanin ɗaya ne.

Ga dalilin da ya sa nake naci a kan wannan bambanci. Idan jikina ne ya saba, to matsalata ce ni kaɗai, babu ruwan kowa, kuma maganinta mai sauƙi ne: in canza wani maganin. Idan kuwa ƙwayar cutar ce ta saba, to ƙwayar cuta ba ta zama wuri ɗaya. Tana bin hannu, tana bin ruwan sha, tana bin ban ɗaki da kwata da tari, ta je ga ɗana, ga mijina, ga maƙwabciyata da ta haihu jiya.

Na daɗe ina neman yadda zan bayyana wa mutane wannan cikin minti biyun da suke tsayawa a gabana, sai kuɗin cizo ya taimake ni. Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya mai ɗaki-ɗaki a garin nan ya san su, ya kuma san ƙorafin da ake yi cewa na yanzu ba sa jin magani. A da ka yi feshi sau ɗaya ka yi watanni kana barci lafiya, yanzu ka fesa yau, jibi su fito suna yi maka sannu da aiki. Amma ban taɓa jin wanda ya ce katifarsa ce ta saba da magani ba. Kowa ya san ƙwaron ne ya yi taurin kai. Cikin dubunsu, feshin farko ya kashe mafi yawa, 'yan kaɗan masu ƙarfin hali suka tsira a lungun katako. Su suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaji taurin kan. Mai ɗaki ya sake fesawa, wannan karon ma ya ƙara ruwa don maganin ya auka, sai raunanan suka mutu, masu taurin suka samu fili. Daga nan su bi tsagar bango su shiga ɗakin maƙwabci wanda bai taɓa sayen maganin feshi ba, su kuma shiga jakar mai tafiya gida sallah su sauka a Kano ko Sakkwato. (Kada wani ya ɗauka ina tallar fiya-fiya ne. Guba ce, ba abin fesawa a ɗakin da yara ke kwana ba.)

To haka bakteriya suke, sai dai su sun fi kuɗin cizo sauri nesa ba kusa ba. Wasu daga cikinsu, in sun samu wuri mai daɗi, duk bayan kimanin minti 20 ɗaya takan rabu ta zama biyu, kafin gari ya waye an samu miliyoyi. Abin da ya fi ban mamaki, suna ba juna laƙani. Wadda ta samu dabarar kare kanta daga wani magani tana iya miƙa wa wata, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Kuma hanjin kowannenmu cike yake da bakteriya marasa cutarwa, masu amfani ma. Duk lokacin da muka haɗiyi antibayotik, ko da kan ɗan yatsa ne yake ciwo, sai maganin ya ratsa ta cikinsu, ya kashe na kashewa, ya bar waɗanda suka iya kare kansu. Ko da an sha maganin bisa ƙa'ida hakan na faruwa, shi ya sa ba a son a sha shi sai da dalili. Shan sa ba dalili kuwa, an biya farashin ne ba a karɓi kayan ba.

Manyanmu ma sun ga irin wannan da idonsu. Wa ya manta kulorokwin, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa mutane? Shekaru da dama shi ne sarkin maganin zazzaɓin cizon sauro, ga arha ga aiki. A hankali ƙwayar maleriya ta daina jin sa, yara suka riƙa mutuwa alhali an ba su magani, har Najeriya ta sauya zuwa magungunan ACT a 2005. Jaririn da aka haifa a lokacin bai taɓa shan kulorokwin ba balle jikinsa ya saba, amma shi ma maganin bai yi masa aiki ba. In na kawo wannan misalin ga dattawa, nan da nan sai ka ga sun gyaɗa kai.

Shi kansa Alexander Fleming, Baturen da ya gano fenisilin a Landan a 1928, sai da ya yi wannan gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. Misalin da ya bayar na wani magidanci ne mai ciwon maƙogwaro da ya sayi fenisilin ya sha kaɗan, wanda bai isa ya kashe ƙwayoyin ba amma ya isa ya koya musu bijirewa. Sai ya shafa wa matarsa, ta kamu da nimoniya, aka ba ta fenisilin bai yi aiki ba, ta mutu. Ku lura, a misalin nasa ba wanda ya yi gangancin ne ya mutu ba.

Na ga kwatankwacin haka a kan wata yarinya da ba ta wuce shekara 22 ba, haihuwarta ta fari, aka yi mata tiyata aka ciro ɗan lafiya. Bayan kwanaki ɗinkin ya fara ruwa da wari, ga zazzaɓi. An ba ta magani na farko, an ba ta na biyu, shiru. Likitoci suka ɗebi ruwan ciwon aka kai ɗakin gwaji, aka shuka ƙwayar, aka gwada ta da magunguna ɗaya bayan ɗaya. Mijin ne ya kawo mini takardar sakamakon tare da takardar sayen magani. A irin wannan takarda, harafin S a gaban sunan magani yana nufin zai yi aiki, harafin R kuma ƙwayar ta bijire masa. Na bi layin daga sama har ƙasa, R ne reras, sai wajen guda biyu kawai, kuma dukkansu allurai ne da ake yi ta jijiya a asibiti. Kuɗin allurar yini guda ya fi kuɗin hayar ɗakinsu na wata. Da na je duba ta, abin da ta ce mini shi ne, "Anti, ni fa ko Panadol ban cika sha ba, yaya aka yi jikina ya ƙi magani?" Gaskiya ta faɗa. Ƙwayar ta riga ta koyi darasinta a jikin wasu mutane tun kafin ta iso gare ta. Ta warke bayan makonni, alhamdu lillahi, amma sai da mijin ya sayar da babur ɗin da yake neman abinci da shi.

Ita ta ci sa'a akwai babur ɗin sayarwa. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma tana da hannu a mutuwar kusan miliyan 5. Adadin ya haura na waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe a shekarar, ya haura na maleriya. Ɗaya cikin biyar na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne kan gaba a duniya. A Najeriya an ƙiyasta sama da mutum 64,000 a wannan shekarar. Sai dai babu gidan makokin da za ka je ka ji an ce bijirewar ƙwayar cuta ce ta kashe wane. Za a ce zazzaɓi ne, ko ciwon jego, ko jariri ya ƙi kama nono. Cutar da ba ta da suna a bakin mutane, da wuya su ji tsoronta.

Yanzu mu duba inda muke zubar da waɗannan magunguna a gidajenmu. Mura da yawancin tari da ciwon maƙogwaro, bairas ne yake kawo su, kuma antibayotik ba ya taɓa bairas ko kaɗan. Murar da aka sha mata Septrin takan tafi cikin mako guda, wadda ba a sha mata ba ita ma haka, amma Septrin ne zai kwashi yabon. Gudawar yara ma mafi yawanta bairas ne, shi ya sa aka shigar da rigakafin rota cikin alluran jarirai a 2022. Abin da yaro mai gudawa yake buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da nono da abinci. Amma uwa za ta zo ta ce Flagyl take so, wata ma ta fasa kafso ja da yalo ta zuba a koko. Wannan kafson, tetarasaikilin, ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8 ko mai ciki, yana ɓata haƙora ɓacin da ba ya gyaruwa. In akwai jini a bayan gidan yaro, wannan magana ce daban, asibiti za a nufa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Ampiclox. Ban san maganin da aka ɗora wa aikin da ba nasa ba kamarsa. Jariri kwana ɗaya a duniya, kaka ta aiko a sayo na ɗigawa, wai a wanke masa dattin da ya sha a ciki, ko don idonsa ya yi shawara. Babu dattin da yake wankewa, kuma ba ya maganin shawara. Jaririn da idonsa ya yi rawaya yana buƙatar a auna shi, in ta kama a sa shi ƙarƙashin fitila ta musamman a asibiti, kuma kwanakin da aka ɓata ana ɗiga masa magani a gida suna iya jawo shawarar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ita kuma uwar, wata ta sha shi duk bayan al'ada don "wanke mara", wata bayan saduwa da maigida don kada ta ɗauki ciki. Ba ya hana ciki, 'yan'uwa, ko kwali guda aka shanye. Abin da yake yi shi ne kashe bakteriya masu gadin gaban mace, sai ƙwayar fangas ta samu sarari, ƙaiƙayi da farin ruwa su biyo baya. Mace ta ce sanyi ya kama ta, ta koma ta sayo wani antibayotik ɗin, ta ƙara wa wutar fetur. Na sha ganin wadda ta shekara tana wannan zagaye.

Sai kuma "taifod da maleriya", tagwayen da kusan duk takardar gwaji take haifa. Gwajin Widal da aka fi yi ba ƙwayar taifod yake gani ba, alamar garkuwar jiki yake aunawa, kuma mutumin da ya tashi a inda cutar take yawo, ko ya taɓa yin ta shekarun baya, ko ma maleriya ce take damunsa, gwajin na iya nuna masa akwai. Gwajin da yake tabbatarwa shi ne a shuka jini a ga ƙwayar ta fito, amma ya fi tsada kuma yana ɗaukar kwanaki. Saboda haka mutum ya yi "taifod" sau huɗu a shekara, kowane karo da kwalin sifuro ko allurar seftirayazon. Abin da nake tsoro ya riga ya faru a wani wuri. A ƙarshen 2016, a birnin Hyderabad na ƙasar Pakistan, aka samu ɓarkewar taifod da ta bijire wa kuloramfenikol da amfisilin da Septrin da dangin sifuro da seftirayazon gaba ɗaya. Maganin haɗiya guda ɗaya tal ya rage mai aiki, azitiromaisin, in ya gaza sai allurai masu tsada irin na yarinyar da na ba ku labari. Dubban mutane suka kamu, yawancinsu yara, har ƙasar ta shigar da rigakafin taifod cikin alluran yara a 2019. Azitiromaisin ɗin nan kuwa, kowa ya ga yadda aka riƙa shan sa kamar gyaɗa a lokacin korona, cutar da bairas ne ya kawo ta.

Ba a zauna ba, gaskiya. Tun 2015 ake ware mako guda a watan Nuwamba don wayar da kai a kan wannan matsala, yanzu daga ranar 18 zuwa 24 ga wata. Najeriya ta fitar da tsarinta na ƙasa a 2017 ƙarƙashin jagorancin hukumar NCDC, aka sabunta shi a 2024. A watan Satumban 2024 shugabannin duniya suka yi alƙawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Ni ma ina fita tattakin da ake yi a wannan mako, da riga da hula da kwalaye. Amma in muna wucewa ta bakin kasuwa nakan dubi fuskokin mutane, sai in ga kallon 'yan siyasa ko 'yan tallar sabulu suke yi mana. Rubutun da ke kan kwalayen da Turanci ne, Turancin ma na likitoci, haruffa uku da ko 'yan boko ba duka suka san fassararsu ba. Saƙon kuma shi ne a daina amfani da magani ba bisa ƙa'ida ba. To wa ya taɓa ɗaukar kansa mai karya ƙa'ida? Kakar da ta aiko sayen Ampiclox ƙaunar jikanta ce ta sa ta. Nasihar da ba ta kira sunan maganin da sunan al'adar ba, kowa zai ɗauka da maƙwabcinsa ake.

Sannan akwai maganar kuɗi, wadda masu wayar da kai ba su cika son taɓawa ba. Ɗan dako ya taso daga kasuwa da yamma, jiki na ciwo, ya ajiye 'yan canjin da ke hannunsa ya ce, "Hajiya, a haɗa mini na wannan." Ya san asibiti, ba jahilci ne ya hana shi zuwa ba. Zuwa asibiti na nufin kuɗin kati, kuɗin gwaji, da yini guda ba aiki, wato ba abincin dare. A wurare da yawa za a ƙirga masa kafso biyu, maganin ciwon jiki biyu, na ƙarin jini ɗaya, a ƙulle a leda. Gobe ya ji dama, domin maganin ciwon jikin ya yi aikinsa, shi kuwa ya tafi da imanin cewa kafson ne. In na ce masa ba zan sayar masa da kafso biyu ba, ya san inda zai samu kafin ya kai ƙarshen layi, ko a kan tiren mai talla da ya yini a rana, ko a cikin motar haya. Doka ta ce antibayotik sai da takardar likita, amma kowa ya san yadda abin yake a zahiri. Shi ya sa nake ganin duk wayar da kan da ta tsallake masu kemis na unguwa ta tsallake inda abin yake faruwa. Su ne likitan farko na talaka, ko mun so ko mun ƙi, kuma da yawansu in aka zauna da su cikin mutunci suna saurara. Zagin su a taro ba ya rage kafso ko ɗaya.

Abin da na ga yana aiki a wurina shi ne kada mutum ya fita hannu rabbana. In na hana abu, sai in ba da wani a madadinsa, in kuma faɗi ranar dawowa. Ga ɗan dakon, "Malam, gajiya ce da mura, ga na ciwon jiki, ka sha ruwa sosai. In jibi zazzaɓi bai sauka ba ka dawo mu yi gwajin maleriya, minti 15 ne." Ga uwa mai ɗan tari, nakan ɗaga rigar yaron mu kalli ƙirjinsa tare, in nuna mata yadda numfashi mai sauri yake da yadda ƙasan haƙarƙari ke faɗawa ciki, in ce in ta ga haka ko tsakar dare ne ta nufi asibiti. Wannan na da muhimmanci ƙwarai, domin ba tsoron antibayotik muke son sa wa mutane ba. Yaro mai nimoniya amoksisilin ne yake ceton ransa da yardar Allah, kuma har gobe akwai yaran da suke mutuwa don ba su samu ba. Wanda likita ya rubuta wa, ya saye shi cikakke, ya sha a kan lokaci, adadin kwanakin da aka ce. Nakan zana rana da wata a jikin ambulan ga wadda ba ta karatu. Mai tarin fuka kuwa, wanda maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata shida ne cur, in ya yanke a wata na biyu don ya ji ƙarfi, tarin na iya dawowa da nau'in da ya fi wuyar magani, kuma iyalinsa zai fara shafa wa.

Ƙananan abubuwa ma suna da tasiri. Ragowar sirof ɗin da aka haɗa da ruwa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar, ba abin ajiyewa ba ne sai ƙanensa ya yi tari. Maganin jabu ko wanda rana ta dafa, ƙarfinsa ya ragu, daidai yake da feshin da aka ƙara wa ruwa. A duba lambar NAFDAC, in akwai wurin kankarewa a kankare a tura lambar ta waya. Masu kiwon kaji a bayan gida kuma, da masu saniya da rago, ku sani yawancin abin da kuke zubawa a ruwan dabbobi dangin maganin mutane ne. A jikin kowace leda an rubuta kwanakin da za a jira bayan an daina bayarwa kafin a yanka ko a sayar da ƙwai da nono. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi antibayotik don su yi saurin girma tun 2006, mu kuwa har yanzu ana ba ɗan tsako tun ranar da ya iso, lafiyarsa ƙalau.

Kakanni su ne suka fi ba ni aiki, kuma su ne suka fi ba ni riba. Budurwar uwa ba ta isa ta ce wa surukarta a'a ba, ko da ta gamsu da bayanina. Saboda haka nakan ce a turo mini Inna da kanta. In ta zo, na gaishe ta yadda ya kamata, sai in ce, "Inna, ke da kika raini goma ba zan koya miki raino ba, amma ƙwayoyin cutar zamanin nan ba irin na lokacinku ba ne." Sai in kawo mata zancen kuɗin cizo da kulorokwin. In kuma ba ta abin da hannunta zai yi, wato man kuloheksidin da ake shafa wa cibiya kullum, in ce ita ce mai lura da idon jariri da zafin jikinsa, in ta ga canji ita za ta ba da umarnin tafiya asibiti. Kaka ɗaya da ta yarda, gida guda ne har da maƙwabta. Irin su, da ungozomomi, da malaman Islamiyya na matan aure, da shugabannin kasuwa da na 'yan acaɓa, da fadar Sarkin Hausawa, nan ne maganar za ta shiga kunne. Saƙon murya na minti ɗaya da Hausa a WhatsApp, daga bakin wanda aka sani, yana zuwa inda kwalayenmu ba sa zuwa.

Saura suna. A rediyo ana cewa "bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna", kuma fassara ce mai kyau, amma ta yi tsawo ga bakin kanti, ba na jin wata uwa za ta maimaita ta ga kishiyarta. Ni dai nakan ce "ƙwayar cuta mai taurin kai", ko "cuta mai kunnen ƙashi", don dai laifin ya koma kan ƙwayar, a bar jiki ya huta. Wata dattijuwa 'yar Katsina ta ce mini a'a, in ce "cutar da ta ci maganin ƙarfe", kamar ɗan tauri da wuƙa ba ta kama shi. Na gwada nata a kan mutum biyu uku, na ga sun fi saurin ganewa, har da dariya. Mai karatun da yake da wadda ta fi waɗannan, ya aiko ta hannun editan wannan shafi, zan kawo su a nan kafin watan Nuwamba mu zaɓa tare.